Jinyar Am Zenaba a Azumin da Aka Rufe Masallatai

Sunana Sale, mahauci ne ni. A unguwar Mardjandafak ta N'Djamena aka haife ni, a gidan da kakana ya gina lokacin da guzurinsa na tafiya Makka ya ƙare a nan. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, kwanan baya a wurin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa korona ba ta taɓa shigowa N'Djamena ba, wai zancen rediyo ne kawai. Ban yi masa musu ba, don ba ni da takardar da zan nuna masa. Amma na yi jinyar matata wata guda cur, kuma ina so wanda irin wannan ta same shi nan gaba ya san abin da ke gabansa.

Sunanta Hadiza. A layinmu Am Zenaba ake ce mata, da sunan babbar 'yarmu, yadda Larabawan gari suke kiran mace. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma ko a bikin unguwar da ba tamu ba an san hannunta.

Saura kwana huɗu a kama azumi ta tashi da ciwon kai da zazzaɓi. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko da yake ba lokacinsa ba ne, ana tsakiyar zafin da ko ƙuda ba ya son tashi. Na sayo magani a farmasi, ta sha kwana uku, babu abin da ya canza. A rana ta huɗu da hantsi, ina shirin fita, ta kira ni daga ɗaki. Ta zuba turare a kasko, hayaƙi ya cika ko'ina.

"Malam, zo ka ji wannan haɗin. Kamar ya lalace."

"Ya lalace kamar yaya? Ƙamshinsa har zaure."

Ta kai hancinta bakin kaskon har idanunta suka kawo ruwa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ba na jin komai," ta ce.

Duk mun ji abin da rediyo ke faɗa game da wannan alamar. Daga ni har ita babu wanda ya kira sunan cutar. Na ajiye wuƙaƙena, na ce ta ɗauko mayafi.

A asibitin unguwa mun tarar an ɗaura igiya a ƙofa, ga bokitin wanke hannu, ga wani yana ɗora wa mutane abin awon zafi a goshi. Mun yi layi daga hantsi har azahar. Duk sanda ta yi tari, sai layin ya buɗe a gabanmu da bayanmu, kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata mata ta ja ɗanta ta koma can ƙarƙashin bishiya tana harararmu. Ban ga laifinta ba, amma na ji ciwo.

Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba, fuska a rufe, sai idanu. Ta yi tambayoyi da Larabci, ta rubuta wani abu da Faransanci, ta ja masa layi. Na ce ta karanta mini.

"Suspe," ta ce. "Wato ana zargi."

"Tana da ita ke nan?"

"Ban ce tana da ita ba. Ban ce ba ta da ita ba. Ku koma gida, ta zauna ɗaki ita kaɗai. Za a zo a ɗauki gwaji."

Wannan kalmar ce muka ɗauko muka dawo da ita gida.

Sun zo ranar farko ta azumi, da rana tsaka, cikin farar mota, su biyu, sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Layinmu matsattse ne, motar ba ta shiga, don haka a ƙafa suka tako har ƙofarmu, kowa yana kallo daga bakin zaurensa. Suka zura mata wani tsinke a hanci, suka fesa magani a tsakar gida, suka ce kwana biyu zuwa uku za a kira ni a waya. Ba su yi minti ashirin ba. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Abokin teburina ya bugo ya ce, cikin kunya, gara in ɗan huta, don mutane sun fara tambaya ko naman wurina ne.

'Ya'yanmu mata biyu na tura su unguwar Atrone wurin ƙanena. Ya karɓe su, Allah ya saka masa. Daga baya na ji matarsa ta ware musu ɗaki da kwano da buta, ta hana 'ya'yanta kusantarsu har kwana goma. Na yi fushi da na ji. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ni ma da haka zan yi. Har yanzu fushin da godiyar suna nan tare, ban raba su ba.

Mako na biyu shi ne na kaɗaici. A gidan Bahaushe, in mace ta kwanta, kafin ka juya mata sun cika gida, wannan da kunu, waccan da tsintsiya, kai namiji naka sayen magani ne da amsa gaisuwa a ƙofa. Wannan karon babu wadda ta shigo. Shekara arba'in da bakwai ina duniya, ban taɓa dama kunu ba. Na farko da na yi duk gudaji ne, na biyu ya ƙone. Na koyi wankin zane, na koyi riƙe ta zuwa banɗaki, na koyi jiƙa tawul ina goga mata in zazzaɓi ya hau, ga wuta an ɗauke, ga bangon ɗaki kamar tanda. Mai kurar ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu, sai dai in fita da jarkoki in tare shi a bakin titi. Ina azumi, ina barci a zaune.

Waya kuwa ba ta huta ba. Duk wanda bai iya zuwa ba ya zama likita. Wani ya ce a tafasa ganyen darbejiya a lulluɓe ta da bargo ta yi sirace. Wata ta ce citta da lemun tsami da tafarnuwa. Ɗan'uwanmu na Kano ya turo saƙon murya mai tsawo, wai cutar ba ta rayuwa a zafin ƙasarmu. Wani dattijo ya ce ko da wasa kada in kai ta babban asibiti, wanda ya shiga ba ya fitowa, kuma gawar ma ba a bayarwa. Wani kuma ya ce in ban kai ta ba alhakinta a wuyana. Na yi siracen, na yi cittar. Ban san ko sun yi amfani ba. Abin da na sani, sun ba hannuna abin yi, kuma a kwanakin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kullum sai na kira lambar da masu gwaji suka bari. Yau a ce gobe, gobe a ce ba a ga sunan ba, jibi wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Da sun ce mini eh, da na san da me nake faɗa. Da sun ce a'a, da na buɗe ƙofa na kira mata. Ba su ce komai ba, ni kuwa na zauna a tsakani. In ta yi atishawa gabana ya faɗi, in ta nemi ruwa in ce sauƙi ya zo.

Dole in ambaci maƙwabciyarmu, Balarabiya, matar mai shagon kusurwa. Kullum gab da shan ruwa sai in ji an buga ƙyaure da dutse sau biyu. Kafin in buɗe ta koma nesa, ta bar kwanon miya da kisra, wainarsu mai faɗi, a ƙasa. Daga can za ta ɗaga murya ta yi mana addu'ar samun lafiya da Larabci, ta ce, "Allah yijib al-afe, Abu Zenaba. Kwanon kuma bar shi wurinka, kada ka dawo da shi." Kwanukanta suka taru a kicin ɗinmu har ta koma zubowa a leda. Ba ta taɓa tsallako dokin ƙofarmu ba, amma ba ta fasa ko rana ɗaya ba.

Ranar goma ga azumi, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Muryar Gwaggo Asabe ce, ƙanwar mahaifin Hadiza, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida. Ta haura saba'in, tana da ciwon suga. Bas-bas na haya ba sa aiki a lokacin, a bayan kilando, wato babur ɗin haya, ta zo tun daga unguwar Amriguébé, da ƙunshin kayanta a cinya. Na tare ƙofa.

"Gwaggo, don girman Allah ki tsaya nan. An hana shiga."

"Wa ya hana?"

"Likita."

"Likitan ne ya goya ta?"

"Gwaggo, cutar nan tsofaffi ta fi kamawa."

"To na ji. Ka dubi kanka kuwa, Sale? Ka rame kamar kai ne mai ciwon. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matsa mini."

Na matsa. Zan faɗi gaskiya tun da ita na zauna rubutawa: da na so, da na hana ta. Ni ƙato ne, ita tsohuwa. Amma da ta wuce ta gabana ta shiga, abin da na ji a raina daɗi ne. Ranar na yi barci daga azahar har la'asar, barcin da ban yi irinsa ba tun da ciwon ya fara.

Gwaggo ta karɓi gida. Na ba ta abin rufe hanci, ta karɓa ta sa, amma rabin yini a ƙarƙashin haɓarta yake. In na yi magana ta ce numfashinta take nema. Ta tsefe wa Hadiza kai, ta yi mata wanka, ta dama kunun gyaɗa mai kyau tana ba ta cokali-cokali tana yi mata faɗa kamar yarinya. "Buɗe baki, Dije. Ban zo tun daga Amriguébé don in kalli kina lumshe ido ba." A ranar na fara jin Hadiza ta yi dariya, dariyar da ta ƙare da tari.

Kwana uku bayan zuwanta numfashi ya tsananta. Hadiza ba ta iya ƙarasa magana ɗaya sai ta tsaya, leɓenta ya canza launi. Gwaggo ta fito ta same ni a tsakar gida.

"Nemo mota. Wannan ta wuce darbejiya."

Taksi na farko da ya ji tarinta ya ja motarsa. Na biyu ya naɗe fuskarsa da rawani, ya sauke gilasai duka, ya ce mu shiga. A asibitin da aka tura mu mun jira daga safe har bayan azahar kafin a samu gado. Aka shiga da ita, aka ce mu iyakarmu ƙofa. Ta waigo ta dube mu daga kan keken da aka tura ta. Na tuna maganar dattijon nan.

Kwana huɗu ta yi a ciki, ana ba ta iskar numfashi. Mu muna waje a gindin katanga tare da sauran masu jira, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Lokaci-lokaci ma'aikaci zai leƙo ya kira suna. In an kira naka ba ka sani ba, takardar magani za a miƙo maka ko ta'aziyya. Magani ya yi tsada, wani ma babu shi, tun da aka rufe gadar Kousseri ta kan iyaka, inda kaya ke shigowa, sai ka zaga farmasi uku kafin ka samu. Akwai wani mutumin kudu, Kirista, yana jiran mahaifinsa. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. In na tafi neman magani shi yake tsare wa Gwaggo inuwa, kuma ba ya shan ruwa a gabanmu sai ya zaga bayan katanga. Da yamma kowa ya watse saboda dokar hana fita, da safe mu sake haɗuwa mu tambayi juna yaya aka kwana. Rana ta huɗu na zo ban same shi ba. Ban san ko sallamarsu aka yi ba, ko ɗaya abin ne.

Ranar da za a sallame ta na samu likitan ɓangaren a bakin ƙofa, idanunsa jajir. Na tambaye shi sakamakon gwaji.

"Bai zo ba, Malam. Mun yi mata magani kamar tana da ita. Ku ma ku zauna kamar tana da ita."

"Amma tana da ita?"

"Da na sani da na faɗa maka. Ni ma mako uku ke nan ban rungumi 'ya'yana ba, kuma ban san ko akwai dalili ba."

Ban ƙara tambayarsa ba. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi ta.

Sauƙi ya zo a hankali. Mako na huɗu ta fara zama da kanta, ta fara takawa zuwa tsakar gida tana dafa bango. Wata rana ta ce tana marmarin balangu, Gwaggo ta rangaɗa guɗa a gidan da ya yi wata ba a ɗaga murya ba. Jin ƙamshi dai sai bayan wata huɗu ya dawo mata, kuma har yau in ta yi tafiya mai nisa sai ta tsaya ta huta.

Saura kwana biyu Sallah Gwaggo ta ɗaure kayanta. Na roƙe ta ta ƙara kwana goma a wurinmu kafin ta shiga cikin mutane, kamar yadda ake faɗa a rediyo. Ta ce ba ta taɓa yin Sallah a wajen ɗakinta ba. Lafiyarta lau ta tafi, har tana tsokanata cewa in ci gaba da koyon kunu.

Kwana shida bayan Sallah ɗanta Habu, mai fataucin shanu, ya bugo mini. Gwaggo ce, ya ce, zazzaɓi da tari. Na ce ga ni nan zuwa.

"Kada ka zo," ya ce. Ya kashe wayar.

Kwana huɗu ta yi, ta rasu. Ba a gwada ta ba. Mutum kaɗan ne suka kai ta, ba a yi zaman makoki ba, kuma ba a kira ni ba sai bayan an dawo. Na ɓoye wa Hadiza kwana biyu saboda jikinta. A rana ta uku wata ta bugo mata ta'aziyya. Ta fito daga ɗaki da wayar a hannu, ta tsaya a gabana.

"Malam, ni ce na kashe ta?"

Na ce ajali ne. Na ce suga ne, da tsufa, da zafi. Ta bar ni na gama.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ni kaina tambayar da ke cina ke nan, sai dai tawa a kan ƙofar da na matsa ce.

Dangi suka rabu. Wasu suka ce kowa da ranarsa, wasu suka rage gaisuwa. Habu ya daina ɗaukar wayata. Na koma kasuwa, masu saye suka dawo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tayar da zancen, ni ma ban tayar ba. Na je ofishin masu gwaji da ƙafata, ina ganin in na samu takarda ko ta ce a'a, zan kai wa Hadiza ta samu barci. Wani ma'aikaci ya buɗe littafi ya bi da yatsa har ƙasa, ya ce wataƙila abin da aka ɗauka ya lalace a hanya saboda zafi, wataƙila kuma ya faɗo kwanakin da kayan aiki suka yanke. Ya ba ni haƙuri. Na fito na zauna a gefen titi na daɗe, ba don baƙin ciki ba, gajiya ce kawai.

Ga wanda zai ji shawarata: in irin wannan ta sake zuwa, kuma aka ce kada a shiga wurin mara lafiya, to kada ka shiga, amma ka je. Ka tsaya a bakin titi ka ɗaga murya ka ce yaya jiki. Mai jinya yana jin wannan har cikin ƙashinsa. In kuma tsoho ya zo ƙofarka da ƙunshin kaya, ka yi tunani da kyau kafin gajiyarka ta yanke maka hukunci.

Sai bayan kwana arba'in, da motoci suka dawo aiki, muka je Amriguébé. Ban sanar ba, don na san in na tambaya za a ce kada mu zo. Muka tarar da Habu a zaure. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa tabarma, bai dube mu ba. Hadiza ta durƙusa a gabansa.

"Yaya Habu, ka yafe mini."

Yana ta murza hularsa a gwiwa.

"Washegarin da ta dawo daga wurinku," ya ce, "ta je wankan gawar maƙwabciyarmu. Ranar Sallah kuma gida-gida ta bi tana gaisuwa. Tsofaffi uku aka fitar daga layin nan a mako ɗaya. Kwana arba'in ke nan ina neman wanda zan riƙe a zuciya, Dije. In na kama ku, sai in tuna maƙwabciya. In na kama maƙwabciya, sai in tuna ranar da za ta tafi wurinku ni ne na fita titi na tsayar mata da kilando, ni na ɗora mata ƙunshin a cinya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na gaji. Tashi ki shiga ɗakinta. Akwai kayan da mata suka ware, sun ce naki ne."

Ta tashi ta shiga. Muka rage ni da shi a zaure, muna jin kukanta daga ciki, kuma babu wanda ya tashi ya ce ta yi shiru.

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya sanyaya makwancinta. Mu kuma da muka rage ba mu sani ba, Allah ya yafe mana abin da shi ya sani.